Hukuncin Ganyen da Aka Noma a Ƙasar Juji

 

Akwai wata mas'ala da ta shafi tukunyar miyar kowane gida, amma ba safai ake jin ta a bakin masu wa'azi ba, watau mas'alar ganyen da aka noma a kan juji, ko kuwa aka noma shi da takin da aka kwaso daga bolar gari. Duk wanda ya san hanyar nan da ta tashi daga Katsina ta bi ta Jibiya da Magama, ta tsallaka Ɗan Isa ta kai Maraɗi, ya san irin kayan lambun da ke kai da kawowa a kanta, musamman da rani: alayyahu, da latas, da kabeji, da yakuwa, da rama, da zogale ɗanye da busasshe. Mutanen nan da na can dangin juna ne, Sarkin Maraɗi ma har yau Sarkin Katsina ake ce masa. Ruwansu kuma ɗaya ne, gama gulbin Gada da aka datse aka yi madatsar ruwa ta Jibiya, shi ne wanda in ya ƙetare iyaka ake kiransa Gulbin Maraɗi. Abin da aka tsinka a wannan gefe da safe, ana iya kaɗa miya da shi a wancan gefe kafin magariba.

A bakin iyaka akwai jami'an kwastan da sauran ma'aikata masu binciken kaya. A watan Agusta na 2019 ma gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da makamantanta, ba a fara buɗe su ba sai a Disamba na 2020. To, buhun shinkafa abu ne da ido ke gani, hannu ya kama. Amma abin da ya shiga jijiyar ganye tun yana tsiro, babu shingen da ke tare shi, mai kayan bai gan shi ba, mai binciken bai gan shi ba, matar da za ta yanka shi a miya ita ma ba za ta gan shi ba.

Zuba takin gari a gona ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, ba kuma abin kunya ba ne. Da shi ne manoman da ke kewaye da birnin Kano suka yi ɗaruruwan shekaru suna nome gona ɗaya kowace damina ba ta gaji ba. Jakuna su shiga birni da itace, su fito da mangalar taki. Haka abin yake a Katsina da Zariya da Maraɗi. Sai dai jujin kakanni toka ce ta murhu, da kashin awaki, da ƙaiƙayi, da sharar tsakar gida, da tsohuwar tabarma. Duk abin da ke cikinsa daga ƙasa ya fito, kuma in ya sha damina ɗaya ko biyu ƙasa yake komawa. Jujin yau kuwa sunan ne kaɗai bai sake ba. Cikinsa akwai mataccen batirin tocila da na waya, da ɓaraguzan batirin mota da na babur, da gwangwanin fenti, da baƙin man inji da makanikai ke zubarwa, da ƙonanniyar taya, da tarkacen rediyo da talabijin. Sa'an nan a cinna masa wuta don ya ragu, leda da takarda su ƙone su tafi, ƙarfen ya zauna cikin toka ya ƙara kauri. Wannan tokar ce manomi zai gani baƙa wuluk, ya ce ya sami taki mai ƙarfi.

Masana suna kiran abin da ke cikin wannan toka ƙarafa masu nauyi. Waɗanda aka fi jin tsoronsu su ne dalma, da wani ƙarfe da ake ce wa kadmiyam, da zaiba, da kuromiyam wanda masana'antun jima ke amfani da shi. Halinsu ɗaya ne: ba sa ruɓewa. Rana ba ta kashe su, wuta ba ta cinye su, tafasa ba ta raba su da miya. Saiwar shuka kuwa ba ta da wayon rarrabewa sarai tsakanin abin da take bukata da abin da ya yi kama da shi. Kadmiyam ya yi kama da tutiya wadda shuka ke nema, saboda haka sai ya bi hanyarta ya hau har cikin ganye. Dalma ta fi tsayawa a ƙasa da saiwa, amma ƙurarta tana manne wa ganyen da ke kusa da ƙasa, musamman in ana ban ruwa yana fantsama. Ƙasa mai tsami da ƙasar rairayi marar kwari sun fi sakin waɗannan ƙarafa ga shuka, ƙasar arewacin Katsina kuwa galibinta jigawa ce. Kuma an daɗe da gane cewa kayan ganye, irin su latas da alayyahu, sun fi tumatir ko masara tara kadmiyam a sashen da ake ci, domin a ganye ruwan da saiwa ta zuƙo yake ƙarewa, ruwan ya tashi ya bar abin da ya ɗauko.

Hukumar Codex, wadda Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa tare, ta yanke iyaka ga kayan ganye: kada dalma ta wuce miligiram 0.3 a kowane kilo, kadmiyam kuma kada ya wuce miligiram 0.2. Masana na Jami'ar Bayero da na Jami'ar Ahmadu Bello sun sha auna ƙasa da ganyen lambunan da ake shayarwa da ruwan Jakara a Kano, da na kusa da masana'antun Challawa da Bompai, suka kuma sami wuraren da ƙarafan suka taru fiye da yadda ya kamata. Abin mamaki shi ne, irin wannan ganye ba ya nuna alamar ciwo. Sau da yawa ma shi ya fi kyan gani a kasuwa, faffaɗa, kore shar, domin jujin da ya ba shi guba shi ne ya ba shi abinci.

To, mene ne hukuncinsa?

In aka tambayi ɗalibin da ya yi karatun zaure, zai amsa nan take, kuma amsarsa daidai ce gwargwadon abin da aka tambaye shi. A mazhabar Imamu Malik, wadda mutanen Jibiya da na Maraɗi ke bi gaba ɗaya, shukar da aka shayar da najasa ko aka yi mata taki da ita mai tsarki ce. Shaihu Halilu ya ƙidaya ta cikin abubuwa masu tsarki a farkon Muhtasar. Mafi yawan malamai na sauran mazhabobi a kan haka suke, in ban da abin da ya shahara wurin Hambaliyya, waɗanda suka hana cin irin wannan amfani har sai an shayar da shi ruwa mai tsarki. Hujjar masu halattawa ita ce abin da fakihai ke kira istihala, watau rikiɗar abu daga asalinsa zuwa wani abu dabam. Ƙazanta ta shiga ƙasa ta ruɓe, ta bar sunanta da siffarta, ta zama ganye. Ba a hukunta ganyen da hukuncin abin da ya riga ya gushe. Wannan fahimta ce mai zurfi, kuma ilmin zamani ya gaskata ta a kan kashin dabbobi da makamantansa.

Sai dai nan ne mas'alar ta yau ta rabu da ta jiya. Dalma ba najasa ba ce tun farko. Ma'adini ne mai tsarki. Wanda ya yi salla da gudan dalma a aljihunsa sallarsa ta yi. Kuma ba ta rikiɗa: dalma ce a batir, dalma ce a toka, dalma ce a kan ganye, dalma ce a cikin jinin yaro. Saboda haka wanda ya ɗauko babin tsarki don ya warware wannan magana ya buga ƙofar da ba ita ba ce. Ganyen mai tsarki ne, babu jayayya. Tambayar da ta rage ita ce ko yana cutarwa, wannan kuwa babi ne dabam, shari'a ba ta bar shi a buɗe ba.

Allah Maɗaukakin Sarki, a aya ta 168 cikin Suratul Baƙara, da Ya umurci mutane su ci daga abin da ke cikin ƙasa, siffa biyu Ya haɗa: ya zama halal, ya kuma zama mai kyau. Malaman tafsiri da dama sun fassara siffa ta biyu da abin da ba ya cutar da jiki ko hankali. Guba mai tsarki ce a hukunci, amma babu malamin da ya halatta shan ta. Har cin yumɓu, wanda babu abin da ya fi shi tsarki tun da da ƙasa ake taimama, Shaihu Halilu ya kawo zance biyu a kansa, na karhanci da na hani, ba don komai ba sai don abin da yake yi wa jiki. Ga kuma hadisin nan da Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa, wanda shi ne na 32 cikin Arba'una ta Nawawi, mai hana cuta da cutarwa, wanda malamai suka gina babbar ƙa'ida a kansa cewa ita cuta kawar da ita ake yi. Kuma dalma ta haɗa ɓarna biyu daga cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta tsare su, watau rai da hankali, har ta taɓa na uku, zuriya.

Mutanen ƙasar nan ba sa bukatar a je nesa a nemo musu misali. A shekarar 2010, a ƙauyukan Dareta da Abare da Bagega na ƙasar Anka, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, cikin Jihar Zamfara maƙwabciyar Katsina, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma, a dalilin niƙa dutsen zinariya cikin gidaje. A 2015 aka sake ganin irinsa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Gaskiya ne abin da ke cikin ganye bai kai ko kusa da wancan yawa ba, kuma ba ya kisa cikin mako guda. Amma saboda haka ne ma ya fi wuyar ganewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwado na dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa daga abin da ya haɗiya. Tana zama cikin ƙashi shekara da shekaru, in mace ta sami ciki ta sauko ta isa ga ɗan tayi. Ba ta zuwa da zazzaɓi balle a tafi asibiti. Yaro ne za a ga ya kasa riƙe karatu, a allo ko a boko, a ce masa daƙiƙi, malam ya ɗauki bulala. Kadmiyam kuwa a ƙoda yake taruwa, yakan shekara goma zuwa talatin kafin rabinsa ya fita. A lardin Toyama na ƙasar Japan manoma sun daɗe suna cin shinkafar da aka shayar da ruwan kogin Jinzu, wanda wata mahaƙar ma'adinai ta gurɓata, ƙodarsu ta lalace, ƙasusuwansu suka riƙa karyewa, galibi tsofaffin mata. Sai a 1968 gwamnatinsu ta amince a hukumance cewa kadmiyam ne sanadi.

Wannan ya kai ga ainihin abin da ya fi wuya, watau wa ke da alhaki. Manomin da bai taɓa jin wannan magana ba, ya bi abin da ya tarar ubansa na yi, babu laifi a kansa wurin Allah, domin ba a kama bawa da abin da ba shi da hanyar saninsa. Amma rashin laifinsa bai rage ko ƙwayar zarra daga abin da ke shiga jikin mai ci ba, kuma uzurinsa yana ƙarewa ranar da labari ya iso masa. Daga wannan rana ya zama mai sani. In ya ga ɓawon batir cikin takin da ya saya, ya kawar da kai ya zuba wa latas ɗinsa, ya kai kasuwa ya yi shiru, to, ya shiga ƙarƙashin abin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tsibin abincin wani mai sayarwa ya ji damshi a ƙasa, ya zarge shi da ɓoye abin da ya kamata mutane su gani, ya kuma nisanta mai algus daga jama'arsa. Ibnu Abi Zaid ya fayyace cikin Risala, a babin ciniki, cewa bai halatta mai kaya ya ɓoye wani abu game da hajarsa wanda da ya faɗa mai saye zai ƙi ta ba. Wace uwa ce za a gaya wa inda aka noma wannan ganye ta miƙa kuɗinta? Damshin hatsi ma hannu yana iya gano shi, mai saye yana iya dawowa da kayan washegari. Wannan aibi kuwa babu ranar da zai bayyana har a ce za a mayar da ciniki, shi ya sa amanar gaba ɗayanta ta koma wuyan mai sayarwa.

Akwai manoman da aka sani a garuruwa da yawa waɗanda ke ware wani fegi don cin gidansu, su kai na bakin kwata kasuwa. Wanda ya yi haka ya riga ya ba da shaida a kan kansa. Kuma kasancewar mai ci yana Maraɗi ko Katsina, ba a san fuskarsa ba, ba za a haɗu da shi a masallaci ba, bai sauƙaƙa komai ba. Layin da Turawan Ingila da na Faransa suka ja a farkon ƙarni na 20 ya raba haraji da takardar shaida, bai raba haƙƙin maƙwabtaka ba.

Amma zalunci ne a tsaya a kan manomi. Shi ne mafi rauni cikin jerin, kuma yana da hujjar da ba za a yi wa dariya ba: takin zamani ya yi tsada ƙwarai tun 2022, takin dabbobi ba ya isa, ƙasa ta gaji, rashin tsaro kuma ya hana mutane da yawa na yankin Jibiya zuwa gonakinsu na nesa, har ya matso da su filayen gefen gari, inda juji yake. Mutumin da ke cikin wannan hali, in aka ce masa bari kawai, ba a nuna masa abin da zai kama ba, an yi wa'azi ne ba a yi gyara ba. Gubar ba shi ya ƙera ta ba. Mai gyaran batir da ya fasa shi ya kwashe dalmar da zai sayar ya watsar da saura a bayan shago, da makanike mai tuttular da baƙin mai a kwata, da magidancin da ke jefa matattun batura cikin shara, su ne farkon igiyar. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsoratar da mutane game da biyan bukata a kan hanya da inuwa da mashayar ruwa, ya ce abubuwa ne masu jawo tsinuwa, alhali kuwa wannan ƙazanta ce da rana ɗaya ke busarwa. Ina ga wadda jikoki za su tarar?

Sa'an nan hukuma. Abin da ido ba ya gani, talaka ba shi da ikon gwada shi. Na'urar awo tana jami'a da ɗakunan bincike na gwamnati. A wurin malamai, duk wata maslaha da ɗaiɗaikun mutane ba za su iya tsayar da ita ba, tana kan shugaba. Duba lafiyar abin da ake sayarwa a kasuwa shi ne asalin aikin hisba tun zamanin Yahaya ɗan Umar, malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya wallafa Ahkamus Suƙ fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma Daular Usmaniyya ta Sakkwato ta naɗa muhtasibi domin irin wannan. Yau akwai NAFDAC da aka kafa a 1993, da NESREA da aka kafa a 2007, akwai malaman gona, akwai ma'aikatan tsabta na ƙananan hukumomi, Jihar Katsina kuma tana da Hukumar Hisba. In ana iya tsayar da mota a duba abin da ke ƙarƙashin buhu, ana iya ɗibar ƙasar lambu cikin leda a kai ta awo sau ɗaya a shekara, a gaya wa mai lambun sakamako da harshen da yake ji.

Wajibi ne kuma a ja kunne ta ɗaya gefen, kada magana ta koma waswasi. Asalin abin da ke kasuwar Musulmi halal ne, kuma ba a ɗora wa mai saye ya bi kowane dami har gonarsa ba. Ba kowane lambu ke kan juji ba, ba kuma kowane juji ne ya gurɓata daidai da wani ba. Mai yi wa 'yan gwari kuɗin goro ya ɗauki alhakin mutanen kirki masu yawa. Wanda ya hana iyalinsa ganye gaba ɗaya saboda tsoro ya jawo musu abin da yake gudu, gama yaron da jikinsa ya rasa sinadarin ƙarfe da na ƙashi, waɗanda zogale da alayyahu ke bayarwa, ya fi kowa zuƙar dalma. Abin da ke kan uwar gida shi ne ta wanke ganye sosai da ruwa mai tsabta, ta zubar da na waje-waje, domin wanki yana raba shi da ƙurar da ta manne masa ko da ba ya fitar da abin da ya shiga ciki. Kuma ta hana yara tsinko tafasa da alayyahun da ke fitowa da kansu a kan bola da damina, komai kyansu. Awakin da ke kiwo a juji su ma abin lura ne, don a hanta da ƙoda ƙarafan ke taruwa. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan tsare kazar da ke cin ƙazanta kwana uku kafin ya yanka ta. Kwana uku suna isa ga najasa, ba sa isa ga kadmiyam.

Shi kuwa manomin da ba shi da fili sai tsohon juji, ba a ce ya bar shi ya zauna da yunwa ba. Mafi aminci ya dasa masa itatuwan girki ko na inuwa, ko wani abin da ba ci ake yi ba. In ba makawa sai abinci, to, abin da ake cin 'ya'yansa ko ƙwayarsa ya fi abin da ake cin ganyensa ko saiwarsa sauƙin haɗari, ya kai latas da alayyahu can inda takin shanu da na tumaki kaɗai ke shiga. In zai sayi takin gari, ya nemi na unguwannin da ba su kusa da garejin makanikai ko masu fasa batir, ya ƙi wanda aka ƙona, ya baza shi ya tsince batura da gwangwanaye kafin ya kai shi fegi, ya tara abin da ya tsince wuri guda nesa da rijiya da bakin gulbi.